Raɗar Ƙwaƙwalwa Cikin Rugugin Maganaɗisu

Cikin cututtukan da suke wahalar da jama'ar karkara a gabashin Kano, daga garin Gaya har zuwa ƙauyukan Ajingi da suke iyaka da Jigawa, da wuya a sami wadda take tara wa mai ita azaba biyu kamar farfaɗiya, domin bayan faɗuwar da takan jefa shi cikin wuta ko a bakin rijiya, akwai kuma ƙyamar mutane, waɗanda har yanzu wasunsu suna zaton kumfar bakinsa tana yaɗa cutar, alhali kuwa ba ta yaɗa ta. Magabata ba su jahilci mas'alar ba. Ibnu Sina ya lissafta ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa a littafinsa Alƙanun, Ibnul Ƙayyim kuma a Zadul Ma'ad ya kasa ta gida biyu, wadda take zuwa daga miyagun ruhohi da wadda take zuwa daga ɓacin ruwayen jiki, ya bayyana cewa ta biyun ita ce fagen da likitoci suke magana a kai. A zamaninmu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun kai mutum miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashen da ba su da wadata, ta kuma ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in an gane cutar daidai an ba su maganin da ya dace. Farfesa Lukman Owolabi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi gida-gida a Nijeriya suka buga a 2019, suka sami kimanin mutum 8 cikin kowane 1,000, abin kuma ya fi tsanani a karkara.

To, wanda Allah ya hore wa iyayensa abin mota suka ɗauko shi daga Gaya, suka ƙetare gadar Wudil suka shigo birni, yakan gamu da gwaji iri biyu. Na farko shi ne awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci suke kira EEG, inda ake manna 'yan faya-fayan azurfa wajen ashirin a fatar kai, a ja wayoyinsu zuwa amfilifaya, ita kuma ta zana hawa da saukar lantarkin a fuskar kwamfuta. Hans Berger ne ya fara yin wannan awo a jikin ɗan Adam a Jena ta ƙasar Jamus a 1924, ya ɓoye shi har 1929 saboda shakka, ya kuwa lura cewa in mutum ya rufe idanu ya natsu, wata igiya takan taso tana kaɗawa kimanin sau 10 a sakan guda, wadda ake kira alfa. A 1935 Gibbs da Davis da Lennox a Boston suka nuna cewa wani nau'in farfaɗiyar yara yana da nasa zane na tsini da tudu, sau 3 a sakan. Na biyu shi ne hoton maganaɗisu, watau MRI, wanda Paul Lauterbur ya aza harsashinsa a 1973, Peter Mansfield na Notingham ya ƙirƙiro masa hanyar ɗauka cikin gaggawa a 1977, aka haɗa su a kyautar Nobel ta 2003. A asibitocinmu, kamar yadda yake a galibin asibitocin duniya, kowane gwaji da ɗakinsa da ranarsa.

Dalilin da ya sa masana suka ƙwallafa rai ga haɗa su a lokaci guda shi ne kowannensu yana da rabin amsa. EEG ta san lokaci ƙwarai, har kashi ɗaya cikin dubu na sakan, amma wurin da abin ya faru sai dai ta yi kirdado, saboda ƙoƙon kai yana watsa lantarkin kafin ya iso fata. MRI kuwa ta san wuri, amma tana da nawa. A 1990 Seiji Ogawa ya gano cewa za a iya bin sawun aikin ƙwaƙwalwa ta hanyar jini, bisa ga abin da Linus Pauling ya tabbatar tun 1936, cewa jan sinadarin jini in ya saki iskar oksijin ɗinsa yakan karkata ga maganaɗisu, in kuwa yana ɗauke da ita ba ya karkata. Asirin yana cikin ƙwayar ƙarfen da take tsakiyar sinadarin, kuma mutumin Gaya ba zai rasa murmushi a nan ba, tunda tarihin baka ya ce maƙeran garinsu, Abagayawa, neman tama ne ya kai su gindin Dala. Sashen ƙwaƙwalwar da ya motsa yakan sami kwararar sabon jini, wadda take kai ƙarshen ƙarfinta bayan sakan 4 zuwa 6. Saboda haka in EEG ta ce tsinin farfaɗiya ya fito a lokaci kaza, sai a tambayi hoton ina ne jini ya canja bayan wannan lokaci, la'alla a gane tushen cutar. Fa'idar wannan tana komawa musamman ga kusan sulusin masu farfaɗiya da magani ba ya yi musu aiki, waɗanda ake duba yiwuwar yi musu tiyata, aikin da Jean Gotman a Montiriyal da Louis Lemieux a Landan suka daɗe suna yi.

Sai dai shigar da waya cikin na'urar MRI neman fitina ne da gangan. Michael Faraday ya kafa ƙa'ida tun 1831, cewa duk zoben da lantarki zai iya bi, in ƙarfin maganaɗisun da yake ratsa shi ya canja, to lantarki zai haifu a cikinsa, ko maganaɗisun ne ya canja ko zoben ne ya motsa. Wayoyin EEG da kan mutum kuwa zobba ne tsantsa. Babban maganaɗisun na'ura mai ƙarfin tesla 3 ya ninka na duniya wajen sau 60,000, ba ya kuma mutuwa dare da rana. Cikinsa akwai naɗin waya guda uku da ake kunnawa ana kashewa ɗaruruwan sau a sakan don a tantance wuri, su ne masu ƙwanƙwasar nan da take firgita marar lafiya. Lantarkin ƙwaƙwalwa a fatar kai bai cika wuce maikirobolt 100 ba, watau kashi ɗari cikin miliyan na bolt guda, alhali kutsen da naɗin nan suke jefawa yana iya ninka shi sau ɗari ko fiye. Misalinsa kamar mutum ne yana son jin raɗa alhali yana tsaye a gindin injin niƙa ranar kasuwa.

John Ives da abokansa a Boston su suka fara nuna, a 1993, cewa awon yana yiwuwa a cikin na'urar. Dabarar farko ta kauce wa faɗan ne baki ɗaya: a bar na'ura shiru, likita ya zuba wa zanen ido, da ya ga tsini sai ya danna a ɗauki hoto, tunda jini yana makara da 'yan sakanni. Hikima ce, amma tana cin lokaci, duk abin da ya faru yayin ɗaukar hoton kuma ya ɓace. A 1997 Lemieux ya yi bahasin abin da ya fi kowane muhimmanci, watau lafiyar wanda aka shigar, domin igiyoyin rediyon da na'urar take harbawa, masu kaɗawa wajen sau miliyan 128 a sakan a tesla 3, suna iya ɗumama waya har ta ƙona fata. Daga nan aka wajabta sanya abin rage gudun lantarki a gindin kowane faifai, aka hana naɗe waya ta yi zobe, aka mai da amfilifaya mai batir marar baƙin ƙarfe, saƙonta kuma ya fita ɗakin ta zaren haske.

Wanda ya buɗe ƙofar awo ba yankewa shi ne Philip Allen na asibitin jijiyoyi da yake dandalin Sarauniya a Landan, a shekara ta 2000, hujjarsa kuwa mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya san hisabi. Injin niƙan nan, kome ƙararsa, maimaita kansa yake yi, kowane juyi irin na baya. Raɗar kuwa ba ta maimaituwa. Saboda haka in aka yanka zanen gunduwa-gunduwa daidai da kowane zagayen na'ura, aka jera su aka fitar da matsakaicinsu, lantarkin ƙwaƙwalwa zai cinye juna, tunda a wata gunduwar yana sama a wata yana ƙasa, kutsen na'ura kuwa ya tsaya cak. Gunduwa 25 sukan rage ragowar ƙwaƙwalwa a cikin wannan matsakaici, watau samfurin kutsen, zuwa kashi ɗaya bisa biyar, gunduwa 100 zuwa ushuri. Sa'an nan a ɗebe wannan samfuri daga kowace gunduwa, abin da ya saura shi ne ake fatan ya zama maganar ƙwaƙwalwa.

Na ce ake fata, domin ƙa'idar tana da sharaɗi mai tsauri, shi ne kutsen ya zo iri ɗaya sak a kowane zagaye. A ɗauka kutsen ya kai milibolt 10, watau ninkin lantarkin ƙwaƙwalwa sau ɗari. In samfurin ya kuskure da kashi ɗaya tak cikin ɗari, ragowar maikirobolt 100 ce, daidai da mafi girman igiyar da ake nema. Abu biyu ne suke karya sharaɗin. Na farko saɓanin agogo, domin na'urar hoto tana da nata agogo, amfilifaya tana da nata, in kuwa suka bambanta ko da kaɗan, kowace gunduwa za a auno ta a wani gurbi daban na kutsen. An fara maganin wannan da yawaita awo har sau 5,000 a sakan, daga baya Mandelkow da abokansa a Zurik suka nuna a 2006 cewa in aka ɗaura agogon amfilifaya a kan na na'ura da waya guda, ragowar takan faɗi ƙwarai, wannan kuwa ya zama al'ada. Na biyu shi ne motsin kai, wanda in ya gusa ko da milimita guda ne siffar zobban ta canja, tsohon samfuri ya daina dacewa. Shi ya sa ake sabunta samfurin daga gunduwoyin da suke maƙwabtaka, ake cusa matasai a kafe kai, ake miƙar da wayoyi a tsakiyar ramin a danne su da jakunkunan yashi. Karen Mullinger da Richard Bowtell a Notingham sun nuna a 2011 cewa gusar da mutum kimanin santimita 4 wajen ƙafafunsa kaɗai yana rage kutsen tun kafin a soma lissafi. Irin wannan magani ne ya fi burge ni, gama abin da bai shiga ba ba ya bukatar a fitar da shi.

Kutse na biyu ya fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma ya fi shi taurin kai, domin daga jikin mutumin yake fitowa, ko na'ura tana shiru yana nan. Duk sanda zuciya ta buga, jini ya haura kai, kan yakan yi ɗan gyaɗawar da ido ba ya gani, fatar kai ta ɗan kumbura a kan jijiyoyi, jinin da kansa kuma, kasancewarsa ruwan da lantarki yake bi, yana haifar da ɗan lantarki sa'ad da yake gudu cikin maganaɗisu. Sakamakon shi ne wani zane da yake bayyana kimanin khumusin sakan bayan kowane bugu, girmansa daidai da na igiyoyin ƙwaƙwalwa ko ya ɗara, saurin kaɗawarsa kuma ya faɗa cikin nasu, don haka babu rariyar lantarkin da za ta tace shi ba ta tafi da alfa ba. Yana kuma ƙaruwa da ƙarfin maganaɗisu, kamar yadda Stefan Debener ya gwada a 2008 a tesla 1.5 da 3 da 7, watau na'urar da ta fi kyan hoto ita ta fi ɓata awo. Allen ya riga ya gwada masa dabarar matsakaici tun 1998, yana bin bugun zuciya da wani faifai daban. Amma zuciya ba inji ba ce. Numfashi yana canja ta, tsoro yana canja ta, bugun yanzu ba tagwayen na ɗazu ba ne.

A nan ne malaman fannin suka yi saɓani, har yanzu kuma ba a sami ijma'i ba. Rami Niazy da abokansa a Okusfod sun kawo a 2005 cewa maimakon samfuri guda, a fitar da manyan siffofi uku ko huɗu da kutsen yake ɗauka, a gauraya su gwargwadon abin da ya dace da kowane bugu. Wasu sun bi hanyar da take warware zanen dukan faya-fayai zuwa tushe-tushe masu cin gashin kansu, mai bincike ya duba ya ce wannan na zuciya ne a zubar, wannan na ƙwaƙwalwa ne a bari. Kowace hanya tana da illarta a ɓoye. In aka yawaita siffofin da ake ɗebewa, sai a haɗa da lantarkin ƙwaƙwalwa a zubar. In aka ƙaranta, sai ragowar ta zauna tana kwaikwayon tsini da tudu, abin da likitan farfaɗiya yake nema ido rufe. Hanyar tushe-tushe kuwa an gina ta bisa zaton cewa kowane tushe a kafe yake wuri guda, alhali kutsen jini yawo yake a fatar kai cikin kowane bugu, hukuncin zubarwa kuma yana hannun mutum, shi kuwa mutum ya san amsar da yake so.

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa, sai ya dubi gwajin da Marije Jansen da abokanta suka buga daga Notingham a 2012. Sun sa mutane suna ɗan motsa ƙafafu a cikin na'ura, suka tsabtace zanen da hanyoyin da aka saba, sa'an nan suka nemi wuraren da jini ya yi daidai da abin da ya saura. Taswirar da ta fito kyakkyawa ce, mai kama da aikin ƙwaƙwalwa na haƙiƙa, wadda za a iya yi wa tawili mai gamsarwa, alhali asalin abin da aka bi sawunsa girgizar kai ce. Motsi yana taɓa awon, yana taɓa hoton, a lokaci guda, shaidu biyu kuwa in abu ɗaya ne ya ruɗe su, dacewar maganarsu ba ta ƙara yaƙini.

Saboda wannan ne nake ganin mazhabar da ta fi ƙarfin hujja ita ce ta masu cewa kada a ƙaddara kutse da lissafi, a auno shi da kansa. Giorgio Bonmassar a Boston ya ɗora ma'aunin motsi a gefen kai a 2002. Richard Masterton da abokansa a Melbon ta Ostireliya, a 2007, suka ɗinka 'yan zobban zaren kabon a kan hular awon, waɗanda ba su taɓa fata, saboda haka ba su jin ƙwaƙwalwa ko kaɗan, abin da motsi ya haifar kaɗai suke ji. Kwamfuta ta koyi alaƙar abin da zobban suka ji da abin da ya shiga kowane faifai, ta ɗebe shi nan take. A 2014 mutanen Notingham suka ƙara gaba, suka yi hula mai hawa biyu, kowane faifai da abokinsa a bisansa, yana kwance kan wani shimfiɗi mai ɗaukar lantarki kamar nama amma an raba shi da kai. Waɗannan hanyoyi suna kama har da abin da ba shi da ƙa'ida, kamar haɗiyar yawu da tari, da girgizar famfon da yake sanyaya ruwan hiliyom a digiri 269 ƙasa da sifiri, wanda a da sai an kashe shi lokacin awo, a kuma yi addu'a kada a manta da kunna shi. Ba su kai ga kamala ba, tunda zoben da yake bisa hula ba ya jin lantarkin da jini ya haifar a cikin kai, suna kuma ƙara tsada da wahalar shiri. Duk da haka shaida ce mai zaman kanta. Wajibi ne kuma, kowace hanya aka bi, a adana zanen asali, a rubuta abin da aka ɗebe da gwargwadonsa, a gwada sakamakon da awon da aka yi wa mutumin a wajen na'ura, a ga ko alfa tana tasowa in ya rufe ido, ko tsinin da aka gani a ciki ya yi kama da nasa na waje.

Mai karatu a Ajingi yana da haƙƙin ya tambaya mene ne rabonsa cikin wannan dogon bahasi. Gaskiya ita ce bukatarsa ta gaggawa tana wani wuri: ungozoma ƙwararriya da za ta hana doguwar naƙuda, gidan sauro da maganin zazzaɓin da yake hawa ƙwaƙwalwa, rigakafin sanƙarau, hular kwano ga mai babur, da ƙwayoyin fenobabiton ko kabamazafin da ba su yankewa a asibitin kusa. Shirin BRIDGE, wanda jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta yi da Asibitin Malam Aminu Kano, wannan hanya ya bi, ya horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Kano da Zariya da Kaduna su gane farfaɗiyar yara su yi mata magani. Amma rabin ilmin da muka zayyana hisabi ne kawai, ba ya bukatar maganaɗisu. Manhajar EEGLAB, wadda Arnaud Delorme da Scott Makeig suka bayyana a 2004, kyauta ce, hanyoyin Niazy suna cikin abin da ake ɗora mata, masu bincike da dama kuma sun saki awonsu a intanet ga duk mai so. Ɗalibin lissafi ko injiniyan lantarki a Jami'ar Aliko Dangote da take Wudil, wadda 'ya'yan Gaya da Ajingi suke karatu a cikinta, yana iya shiga wannan muhawara da kwamfutar cinya.

Ɗaya rabin kuwa, watau gane kutse a cikin zane, yana aiki a kowane ɗakin EEG, ko babu hoto kusa. Wutar gidan lantarki da ta janareta tana kaɗawa sau 50 a sakan, tana kuma shiga zane in faifai bai kama fata sosai ba. Gumin bazara yana haifar da manyan igiyoyi masu nawa da suke kama da na ƙwaƙwalwar da ta sami rauni, faifan da ya hau kan jijiya yana zana bugun zuciya, ƙiftawar ido da tauna da kukan yaro kowanne da nasa zane, kitso da man gashi kuma suna hana faifai zama. Likitocin jijiya a ƙasashe da dama sun yi ta gargaɗi cewa karanta irin waɗannan a matsayin tsini yana cikin manyan dalilan da ake laƙaba wa mai lafiya farfaɗiya, a wurinmu kuwa wannan suna yana iya hana yarinya aure ya fitar da yaro daga makaranta, bayan shekarun shan maganin da bai bukata ba. Don haka ake umartar iyaye su tsefe kitso, su wanke kai da sabulu kada su shafa mai, kada kuma su dakatar da magani sai likita ya ce, in da hali su zo da bidiyon faɗuwar a waya. Ma'aikacin awo shi ma ana bukatar ya zauna kusa da marar lafiya tun daga farko har ƙarshe, yana rubuta kowane motsi da lokacinsa a jikin zanen, domin likitan da zai karanta shi bayan kwana biyu ba ya ɗakin sa'ad da yaron ya haɗiye yawu ko uwarsa ta jijjiga shi.